Civic, Golf 4 ko BMW E46: wacce ta fi dacewa ka ajiye a ƙofar gida kana taɓawa da hannunka?

Wanda ya ƙudurta sayen tsohuwar mota don ya riƙa kwance ta yana ɗaurawa ranakun Asabar da Lahadi, yana ƙara mata ƙarfi da kyan tafiya, zaɓinsa a Kano ko Kaduna ko Abuja bai cika wuce uku ba: Honda Civic ta tsakanin 1992 da 2000, Volkswagen Golf 4 mai injin 1.8T, sai BMW ƙirar E46 ko yayarta E36. Mazda MX-5 da matasan Turai da Amurka ke fara koyon wannan harka da ita, a nan sai ka gaji da nema ba ka ga ko ɗaya ba, balle kayanta. Ukun nan kuwa akwai su a titi, akwai gawarwakinsu a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo, abin da ya gagara kuma a aiko maka daga Ladipo ta Legas.

Dukkansu sun haura shekarun da kwastan ke yarda a shigo da mota, don haka cire ranka daga samun 'yar Beljiyam mai ƙamshi. Wadda za ka saya ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu, ta sha kanikawa da 'yan rewaya iri-iri. Shi ya sa gardamar da ake yi a majalisa ta wacce ta fi gudu ba ta da amfani sosai. In ka raba ƙarfin injin da nauyin mota, wuri ɗaya suke taruwa: Civic mai ƙarfin doki 160 a nauyin kilo 1,100, Golf da aka ɗaga zuwa doki 200 a kusan kilo 1,300, da BMW 330i mai doki 231 a wajen kilo 1,500, kowacce na ba ka tsakanin doki 145 da 155 ga kowane tan. Inda suka rabu shi ne irin aikin da kowacce za ta sa ka, da irin kuɗin da za ta ci kafin ta kai can.

Civic: makarantar mai farawa

Civic ta wancan zamani, wato ƙirar EG ta 1992 zuwa 1995 da EK ta 1996 zuwa 2000, an yi ta ne kamar da gangan don mai koyo. Da sufana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17 za ka kwance fiye da rabin motar. In ka buɗe bonet kana ganin ƙasa ta gefen injin, hannunka na kaiwa ko'ina, wayoyinta kaɗan ne. Ƙafafunta na gaba kuma suna da hannuwa biyu, sama da ƙasa, tsarin da ke sa taya ta kwanta sosai a kan kwalta lokacin shan kwana. Daga 2001 Honda ta sauya wannan tsari a gaba, shi ya sa masu harkar ba su cika waiwayar waɗanda suka biyo baya ba.

Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce: injin da ta zo da shi ba shi da ƙarfi. Yawancin na wajenmu D14 ko D15 ko D16 ne, mafi kyawunsu bai wuce doki 125 zuwa 127 ba. Ka sa masa buɗaɗɗiyar matatar iska da salansa mai faɗi, abin da za ka ƙara shi ne ƙara, gudun yana nan inda yake. Hanyar samun ƙarfi a Civic ita ce canjin injin dungurungum.

A nan hanya ta rabu biyu. Ta farko injinan B. Honda da kanta ta saka B16 mai doki 160 a cikin Civic VTi, saboda haka mazauninsa yana nan, kujerun injin da shaf ɗinsa na kamfani ne. B16 ya yi wuya yanzu, amma ɗan'uwansa B20 na cikin CR-V ta farko, ta 1997 zuwa 2001, yana nan birjik. Dokinsa tsakanin 126 da 146 ne, sai dai yana da ƙarfin tashi tun daga ƙasa, kuma a mota mara nauyi irin wannan ana jin bambancin nan take. Hanya ta biyu ita ce K24, injin Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda muke kira EOD da DC. Doki 160 ne, ga ƙarfin ja, ga shi da sarƙa maimakon tayimin bel, kuma da wuya ka shiga kasuwar injina ba ka gan shi a jibge ba. Amma kada arharsa ta ruɗe ka. Injinan D da B suna zaune a gefen direba suna juyawa ta fuska ɗaya, K kuwa yana zama a ɗaya gefen yana juyawa akasin haka. Ma'ana sai sabbin kujerun injin, sabbin shaf, sabuwar sandar giya, sabon haɗin waya, da ƙwaƙwalwar da za ta yarda da shi. Ga kuma giyabos: kusan duk Accord ɗin da ke nan otomatik ne, manuwal na K sai an sha nema. Mai farawa ya tsaya kan B20, K24 ya jira sai hannu ya faɗa.

Cututtukanta ƙanana ne. Tsatsa a bakin tayoyin baya, bushin ɗin hannun baya da ya tsage, distiributa da ke mutuwa ba sallama. Akwai kuma wani rile a ƙarƙashin dashbod wanda dalmarsa ke tsattsagewa, sai motar ta ƙi tashi in ta sha rana, ta tashi lafiya lau da asuba. Da ƙarfen dalma da minti 20 ka gama da shi. Birkin baya na yawancinsu na ganga ne, kuma kafin ka saka injin da ya fi na asali dole ka gyara birkin tukuna.

Abin da ba zan ɓoye ba: mota ce mara nauyi, ƙirar shekara 30 da suka wuce. In aka yi karo da babbar mota, ba ta da abin kare ka kamar sauran biyun.

BMW: daɗi a hannu, zafi a aljihu

Wanda ya taɓa tuƙa 325i ko 330i mai giyar hannu ya san dalilin da ya sa samari ke mutuwa a kanta. Silinda 6 a jere, tayoyin baya ke turawa, nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya. A cikin ukun ita kaɗai ce za ta yi maka dirifti na gaske, wato zamar da bayan mota da gangan a kwana, don Civic da Golf da tayoyin gaba suke ja. In burinka ke nan, zaɓi ya ƙare tun a nan, sauran magana ta kuɗi ce.

An yi E36 daga 1990 zuwa 2000, E46 kuma daga 1998 zuwa 2006. Ka guji masu silinda 4, wato 316i da 318i, in dai ƙarfi kake nema, don wahalarsu ɗaya da manyan, daɗin ne babu. A E36, injin M50 na 325i mai doki 192 gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, yana jure wulaƙanci fiye da duk waɗanda suka zo bayansa. M52 na farko da aka sayar a Turai kuwa an shafe cikin silindarsa da wani sinadari mai suna Nikasil, wanda fetur mai yawan sulfa ke cinyewa, don haka kada ka sayi 323i ko 328i ta Turai ba ka auna matsin kowace silinda ba. A E46 akwai M54, doki 192 a 325i, 231 a 330i.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ke raba mai BMW da kuɗinsa: ruwan sanyaya injin. Tankin ruwan roba ne, wuyan lagireto roba ne, gidan tamostat roba ne, farfelar famfon ruwa ta asali a da yawansu ita ma roba ce. Duk wannan roba tana aiki ne a zafin da ya kusa digiri 100, ƙarƙashin murfin da ke riƙe matsin da ya kai 2 a ma'aunin "bar". Bayan shekara 20 ta bushe ta yi ƙamas, kuma ba ta yoyo a hankali ta ba ka labari, fashewa take yi gaba ɗaya. Allurar zafi ta dashbod ba za ta cece ka ba, don an tsara ta ta zauna a tsakiya ko da zafin na hawa, in ka ga ta motsa to an kusa makara. Gangar M54 ta alminiyam ce. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa kan silinda, ya kuma zare zaren da kusoshin kan ke kamawa a cikin gangar. Daga nan ba maganar canjin gasket ake yi ba, maganar wani injin ake yi.

Maganin da aka saba yi a garejinmu shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya. A BMW wannan ɓarna ce. Tamostat ɗin M54 ƙwaƙwalwar motar ce ke sarrafa shi, in babu shi injin ba ya kai zafin aikinsa, sai ya yi ta shan mai, baƙin mai kuma ya yi ta lalacewa. Ruwan rijiya yana cin alminiyam yana toshe lagireto da gishiri. Aikinka na farko a wannan mota, kafin rim, kafin fenti, shi ne ka canja tanki, famfo, tamostat, lagireto da robobin ruwa duka a lokaci ɗaya, da kaya masu kyau, ka zuba ruwan sanyaya na gaske, ka fitar da iska yadda ya kamata. Aiki ne da za ka iya a gida cikin yini guda. Kana buƙatar siririyar sufana mai lamba 32 don fankar da ke jikin injin, kuma ka tuna zarenta na hagu ne.

Na biyu, ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka duba inda gadon tayoyin baya ya kama jikin motar. E46 ta yi suna wajen tsagewa a nan, kuma dirifti na hanzarta tsagewar. Gyaransa sai an sauke gadon gaba ɗaya an yi waldar faranti, kusa da tankin fetur, aikin da ba na ƙofar gida ba ne kuma ba na kowane mai walda ba. Sauran su ne yoyon baƙin mai ta murfin bawul da gidan matatar mai, robobin VANOS (na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul) da suka saki, bushin ɗin hannun gaba, da injin ɗaga gilas da ba ya gajiya da lalacewa.

Ƙarin ƙarfi kuwa BMW rowa gare ta. Injin ba shi da turbo, kamfanin ya riga ya tatse mafi yawan abin da ke ciki. Sabon bakin salansa da gyaran ƙwaƙwalwa da kyar su ba ka doki 20. A 328i ta E36 akwai tsohuwar dabarar ɗora mata bututun iskar M50, wanda ya fi faɗi, tana buɗe numfashin injin a sama. Ban da wannan, kuɗinka ya fi amfani a shokazoba, bushin, birki da taya. Masu wasan mota sukan yi wa dif, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya, walda don tayoyin baya su juya tare. Yana aiki, kuma kusan kyauta ne, amma motar ta tashi daga ta hawa yau da kullum: za ta riƙa jan taya a kowace kwana, tana wahalar da shaf, ranar da aka yi ruwa kuma bayanta na iya wuce gabanta ba ka shirya ba.

Yawancin BMW ɗin da ke kasuwarmu otomatik ne. Mayar da ita manuwal yana yiwuwa, amma sai giyabos, kuloci da faifansa, feda, farfela, da gyaran ƙwaƙwalwa. Ka ƙara kuɗi ka sayi manuwal tun farko ya fi maka sauƙi.

Golf 4: ƙarfi ta hanyar kwamfuta

Tun 1997 aka fara Golf 4, kuma jikinta na da rufin da ke hana tsatsa, shi ya sa har yau za ka ga bodinta garau. Amma yawancin waɗanda ke yawo a titunanmu 1.6 ne ko 2.0 mara turbo mai doki 115, kuma tambarin GTI a but ba hujja ba ne. Ka nemi haruffan injin a jikin kan silinda ko a takardar da ke manne kusa da safaya taya. AGU da AUM doki 150 ne, AUQ 180, 'yan Amurka kuma AWW da AWP.

Abin da ya sa Golf ta shiga wannan gasa shi ne turbo. Ba tare da ka kwance kusa ko ɗaya ba, wanda ya iya zai sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar motar, injin mai doki 150 ya koma wajen 200. Babu inda za ka sami doki 50 da wannan arha a Civic ko BMW. To amma ka lura, aikin ba kai ka yi shi ba, kuma lissafin da ake saukowa daga intanet an yi shi ne don fetur mai okten 95 ko 98 da iskar Turai mai sanyi. Namu fetur bai kai haka ba, ga shi wani lokaci ba ka san abin da aka ɗura maka ba. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, 'yar ƙaramar na'urar sanyaya iskar turbo da ke ɓoye a kusurwar bamba cika take da zafi bayan taku biyu ko uku. Injin ya fara ƙwanƙwasa, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya don kare shi, dokin da ka saya ya gudu. In lissafin mai tsanani ne, fistin ke biya. Saboda haka a ƙasarmu sai ka fara saka babbar na'urar sanyaya iska a gaba, sannan ka nemi lissafi mai sassauci. Mutumin Jos ya fi kowa morar wannan mota: ga sanyi, ga tudun da ya kai kusan mita 1,200, inda injin mara turbo ke rasa numfashi, mai turbo kuwa ya cike gibin.

Injin na da bawul 20, biyar a kowace silinda, kuma tayimin bel ne ke juya su. Ranar da ya tsinke, bawul da fistin za su gaisa. Ka canja shi da famfon ruwa ranar da ka sayi motar, ko me mai ita ya rantse maka, daga nan kuma kada ya wuce kilomita 90,000. Baƙin mai sai na sintetik mai kyau irin 5W-40. Na ganga da ake aunawa a bakin titi yana daskarewa ya toshe matatar da ke tsotso mai daga ƙasa, turbo ya fara mutuwa, injin ya bi shi. Koyil ɗin fulogi na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye guda a mota. Ƙananan robobin iska sun yi yawa, kowanne ya tsage sai motar ta yi sanyi, kuma ba za ka gano wanne ba ne sai da kwamfuta da manhajar VCDS ta binciken laifin motocin Volkswagen. Bayan ƙarin ƙarfi kuloci kan fara zamewa. Otomatik ɗinta mai giya 4 kuwa kada ma ka tsaya kallonsa.

Abu biyu kuma. Kaskon baƙin manta na alminiyam ne kuma yana ƙasa ƙwarai, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa shi, don haka faranti na ƙarfe a ƙarƙashi wajibi ne. Sannan bawul ɗin nan mai yin tsaki in an ɗaga ƙafa daga totur, wanda samari ke so, bai dace da wannan injin ba: iskar da yake zubarwa an riga an auna ta an ba ta fetur, sai motar ta riƙa shaƙewa tsakanin giya da giya.

A kwana Golf 4 ba ta kai sauran biyun ba. Ƙafar bayanta sanda ɗaya ce, ta fi son miƙaƙƙen titi.

Abin da titi da aljihu ke cewa

Duk wadda ka ɗauka, hotunan motocin da cikinsu ke shafar ƙasa ba na titinmu ba ne. Rage tsawo da santimita 2 zuwa 3 da sifirin da aka yi don haka ya wadatar. Yanke sifirin da injin yanka ƙarfe kuwa kashe shokazoba ne da hannunka. Rim mai inci 15 ya ishi Civic, 16 ko 17 ya ishi Golf da BMW, wanda ya fi haka ramin farko zai lanƙwasa shi. Rim ɗin ba sa shiga na juna: Civic ramin kusa huɗu ne a da'ira mai faɗin milimita 100, Golf 4 biyar a 100, BMW biyar a 120. Tayar Beljiyam kuma ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai shekara 8 ko zanenta na nan ta riga ta mutu.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, shan fetur ya zama abin lissafi. A cikin gari 330i na shan wajen lita 13 a kilomita 100, Civic mai D16 tsakanin 8 da 9, Golf na tsakaninsu muddin ba ka cika taka ta ba. Baƙin man BMW lita 6.5 ne a kowane canji, kusan ninki biyu na Civic.

Kayan aiki ma da bambanci. BMW na son makullan Torx na ciki da na waje, Golf na son masu baki 12, kuma dukkansu biyun ba a yi musu aiki da ka, sai da na'urar karanta laifi. Abin da ya haɗa ukun shi ne sufana mai auna ɗauri da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota. Jak kaɗai ko bulo ba abin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa ba ne. In ka canja injin ko launi, ka je a gyara takardu tun kafin jami'an VIO su tuna maka. Gwajin gudu da juyi kuma a nemi fili killatacce, ba titin unguwa ko ayarin ɗaurin aure ba.

To wacce? In wannan ce motarka ta farko a harkar, kuma kana so ka koyi aikin da hannunka, ɗauki Civic mai giyar hannu da lafiyayyen bodi. Kuskure a kanta ba ya tsada, kuma za ka iya hawanta zuwa aiki ranar Litinin bayan ka kwance ta ranar Asabar. In dirifti ne ya hana ka barci, E36 mai M50 ko E46 325i, da sharaɗin kana da wata motar hawa, kuma bayan kuɗin saye ka ware kusan rabinsu don mayar da ita daidai kafin ka ƙara mata komai. Golf ita ce ta ƙarshe a wurina ga mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, saboda abin da ta fi iyawa ya dogara da fetur da sanyin da ba mu da su. Zan sauya wannan jeri ne kawai in aka nuna mini AUQ mai giyar hannu wadda ɗan rewaya bai taɓa yanka mata waya ba, kuma akwai wanda na yarda da shi a kusa da zai rubuta mata lissafi daidai da man da muke sha.